Kalmar "Slight" a Turancin Yau da Kullum da Matsalar Mayar da Ita Hausa

1.0 Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne a duba yadda Turawa ke amfani da wata sifa guda ɗaya a maganarsu ta yau da kullum, watau kalmar "slight", sa'an nan a ga inda ta haɗu da Hausa da kuma inda suka rabu. Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya ce, duk matsalolin da suka dabaibaye koyar da Turanci a makarantunmu, me ya kai mu ga ɓata lokacin taro a kan kalma ɗaya tak? Amsata ita ce, a wajen duba takardun ɗalibaina masu neman takardar shaidar malanta, na sha cin karo da irin su "a slight house" da "slight money" da "my slight brother", alhali abin da ɗalibi ke son faɗi shi ne ƙaramin gida da kuɗi kaɗan da ƙanensa. Waɗannan ɗalibai kuwa su ne gobe za su tsaya gaban allo, wasunsu kuma su zama masu fassara a gidajen rediyo da asibitoci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kuskuren ba na lalaci ba ne. Yana da tsari, kuma mu malamai ne muka shuka shi tun ranar da muka rubuta a allo cewa "slight" ita ce "ƙarami" ko "kaɗan", muka wuce. A ganina, wannan kalma ba girman abu take aunawa ba, ƙarfinsa take aunawa, kuma takwararta ta kusa a Hausa ba "ƙarami" ba ce, tsigalau ne, watau ɗan da 'yar da 'yan. Amma ko wannan daidaito ma yana da iyaka, kuma sanin iyakar shi ne aikin.

2.0 Asalin kalmar

Masu bin diddigin kalmomi sun nuna cewa "slight" ta bayyana a rubutun Turanci tun wajen ƙarni na 14, kuma tana da dangantaka da kalmar "sléttr" ta tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, wadda ke nufin abu mai sumul, shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. 'Yan'uwanta suna nan a Jamusanci: "schlicht" na nufin abu marar ado, "schlecht" kuwa abu marar kyau. Ke nan kalmar ta taso daga shimfiɗuwa, ta bi ta rashin ado da rashin kauri, ta iso ga rashin nauyi da rashin muhimmanci. Ma'anar da muke magana a kai, ta ƙanƙantar ƙarfi ko matsayi, ta kafu ne a ƙarni na 16.

Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Marubuta tarihin Ingila har yanzu suna amfani da aikatau "to slight" idan suna maganar rushe ganuwa da gangan don kada abokan gaba su sake fakewa a ciki, kamar yadda Majalisa ta sa aka yi wa ganuwar Corfe ta lardin Dorset a shekarar 1646, lokacin yaƙin basasa. Watau an baje ta, an nufi daidaita ta da ƙasa. Wannan dai ba maganar yau da kullum ba ce, na kawo ta ne kawai don a ga tushen.

3.0 Sunayen da take bi

Tun a shekarar 1957 J. R. Firth ya jaddada cewa wani ɓangare na ma'anar kalma yana tattare da irin kalmomin da ta saba zama kusa da su. Idan muka bi wannan hanya, muka saurari Bature yana magana a ofis ko a tashar jirgi ko a gaban likita, ga irin abin da za mu ji, tare da yadda Bahaushe zai faɗe shi:

a slight delay: ɗan jinkiri
a slight increase: ɗan ƙari
a slight difference: ɗan bambanci
a slight fever: ɗan zazzaɓi
a slight slope: 'yar gangara
a slight smile: ɗan murmushi

A lura, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da za a ɗauka a hannu ko a auna da mudu. Jinkiri da zazzaɓi da bambanci ba su da tsawo da faɗi irin na ɗaki; abin da suke da shi shi ne ƙarfi, wanda ke hawa ya sauka. Wannan ne ya sa Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985, suka sa "slight" cikin rukunin sifofin da aikinsu shi ne rage ƙarfin sunan da suke bi. Ni kuwa a aji, wata 'yar dabara nakan ba ɗalibai: in za ka iya cewa da Hausa "abin ya tsananta", to, mai yiwuwa ne "slight" ta shiga. Zazzaɓi yana tsananta, jinkiri yana tsananta, bambanci yana tsananta. Amma gida ba ya tsananta, kuɗi ba sa tsananta, haka ƙane. Dabarar tana ɗingishi a wasu wurare, don murmushi ba a ce ya tsananta, amma tana kawar da yawancin kurakuran da na ambata a sama.

To, in tsigalau ya dace da duk misalan nan, me ya hana mu ce wa ɗalibi "slight" ita ce "ɗan", mu huta? Abin da ya hana shi ne, tsigalau ya fi "slight" faɗin gona nesa ba kusa ba. Bahaushe yana cewa ɗan ɗaki da 'yar kwalba, a nan girma yake nufi, Bature kuwa "small" ko "little" zai ce. Yana cewa ɗan ruwa da 'yan kuɗi, a nan yawa yake nufi, Bature zai ce "a little water" da "a little money". Yana cewa ɗan zazzaɓi, a nan ƙarfi yake nufi, kuma nan ne kaɗai "slight" ta shigo. Har wa yau yana cewa "ɗan tsohon nan" don tausayi, ko "'yar motarsa" don raini. Ashe ke nan aikin da kalma ɗaya take yi a Hausa, Turanci ya raba shi ga kalmomi uku ko huɗu. Ɗalibin da ya rubuta "slight money" bai yi hauka ba. 'Yan kuɗi ya fassara, kuma da gaskiyarsa bisa abin da aka koya masa. Daga Turanci zuwa Hausa hanyar lafiya lau take, kusan kowace "slight" ta wannan rukuni za ta karɓi tsigalau. Daga Hausa zuwa Turanci ne ramin yake.

Akwai kuma kuskure na biyu, kishiyar na farko, wanda ya fi yaɗuwa ma. Shi ne barin "slight" gaba ɗaya a sa "small" a ko'ina, kamar "small fever" da "small headache". Wannan ya zama ruwan dare a Turancin Nijeriya, kuma Turancin buroka, mai "small small" da "wait small", ya ƙara masa gindin zama. Ba na cikin masu ganin cewa duk abin da ya saɓa wa Turancin Ingila ɓarna ne. Sai dai wajibi ne malami ya san bambancin, ya kuma sanar da ɗalibinsa cewa "a small increase" da "a small difference" karɓaɓɓu ne a ko'ina, amma a wajen ciwo da lafazi da murmushi, kunnen Bature "slight" ya saba ji.

3.1 Bayanau "slightly"

Tsigalau yana shiga gaban aikatau, kamar "farashi ya ɗan tashi", kuma wannan daidai yake da "prices rose slightly". Amma "ɗan dakata" ba "wait slightly" ba ce, domin a nan lokaci ake nufi, "slightly" kuwa ba ta auna lokacin jira. Haka "ɗan taimake ni" ba ta da alaƙa da ƙanƙantar taimakon, roƙo ne cikin ladabi.

Wani abin lura kuma shi ne, "slightly" ta fi son sifofi masu nuna aibu ko kauce wa daidai. Ana cewa "slightly dirty" da "slightly late" da "slightly bent", amma "slightly clean" ko "slightly beautiful" suna yi wa kunne banbaraƙwai. Dalili kuwa, datti da latti da lanƙwasa suna farawa ne daga babu, ɗigo ɗaya ya isa a ce akwai su, saboda haka ana iya nuna matakinsu na farko. Tsabta kuwa sai an kai ƙarshe ake samunta. Idan aka shiga kwatanci, wannan shinge ya faɗi: "slightly better" da "slightly cleaner" duk daidai ne. A nan Hausa tana da wata hanya da muke mantawa da ita a ajin fassara, ita ce ninka kalma don rage mata ƙarfi: tsami-tsami, ɗumi-ɗumi, ja-ja, baƙi-baƙi. Fassara "slightly sour" da "tsami-tsami" ta fi "mai tsami kaɗan" zama Hausa, kamar yadda "da dama-dama" ta fi dacewa da "slightly better" a bakin mai jinya.

4.0 "Slightest" a cikin korewa

Da ɗalibi ya ga ɗafin "-est", abin da ke zuwa masa shi ne "mafi", sai ya fassara "I haven't the slightest idea" da "ba ni da mafi ƙanƙantar ra'ayi". Babu Bahaushen da ke magana haka, kuma ma'anar ma ta kuɓuce. Mai maganar ba kwatanta ra'ayoyi yake yi ba. Ya ɗauki matakin da ya fi kowane ƙasa ne ya kore shi, don a gane cewa duk na sama da shi sun koru. Hausa tana da kalmar da ke yin wannan aiki daidai wa daida, ita ce "ko": ban sani ba ko kaɗan, babu ko alama, ko kusa, ko miskala zarratin. Haka kuma inda babu korewa a fili, kamar "the slightest noise wakes him", Bahaushe zai ce "ko ɗan motsi aka yi sai ya farka", ko kuwa "da an yi ƙwas ya farka", ya kawo amsa-kama ta yi aikin.

Wuri ɗaya da na ga yana rikita har waɗanda suka yi nisa shi ne amsar "Not in the slightest". Idan baƙo ya tambayi Bature "Do you mind if I sit here?", ya amsa masa da wannan, izini ya ba shi, izini mai ƙarfi ma, watau "ko kaɗan ba damuwa". Amma kunnen da ya ji "not" a farkon magana yakan ɗauka hani ne, mutum ya tsaya tsaye alhali an ce ya zauna.

5.0 A kan mutum, da kuma maganar raini

"Slight" tana bin mutum, amma da wata ma'ana dabam. "A slight woman" ba ƙaramar yarinya ba ce, ba kuma ramammiya ba. Mace ce siririya mai ƙaramin jiki, wadda halittarta ce haka. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta "my slight brother" ya yi Turanci mai kyau ba da saninsa ba, sai dai jikin ɗan'uwansa ya sifanta, ba shekarunsa ba. Idan kuma mai sharhin adabi ya kira littafi "a slight novel", ba yawan shafuka yake nufi ba, cewa yake yi littafin ba shi da zurfi, ba abin a zo a gani ba ne. Tun daga nan an fara jin ƙamshin suka.

Daga wannan ne aka sami aikatau da suna, "to slight someone" da "a slight", watau a yi wa mutum ko-in-kula, a ƙi ba shi girman da ya cancanta, kamar a gai da kowa a tsallake shi. Ɗalibai sukan ɗauka wannan wata kalma ce dabam da ta yi kama da ta farko. Nakan tuna musu cewa harshensu ya bi wannan hanya tun kafin su ji Turanci. Muna cewa "ya raina abincin da aka zuba masa", watau ya ga bai kai ba, muna kuma cewa "ya raina ni". Aikatau ɗaya ne, kuma tunani ɗaya ne: ganin ƙanƙantar abu, da ganin ƙanƙantar mutum. Duk lokacin da na kawo wannan misali, ban cika bukatar ƙarin bayani ba. Sai dai a kula, "a slight" ba ta kai zagi ko cin mutunci a bainar jama'a ba. Yawanci rashin yin abin da ya kamata ne, ba aikata wani abu ba.

6.0 Inda ƙarami ke nufin babba

Duk abin da ya gabata na nahawu ne da ma'anar ƙamus. Inda na fi jin tsoro shi ne inda kalmar ke faɗin abu, mai magana kuwa yana nufin kishiyarsa. Mutanen Ingila sun yi suna wajen rage wa magana kaifi. Idan ma'aikacin ofis ya ce maka "There is a slight problem with your application", kada ka koma gida da murna. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne takardar ba za ta wuce ba. Idan shugaba ya ce an sami "a slight misunderstanding", mai yiwuwa an yi baram-baram. Sanannen misali na wannan ɗabi'a shi ne na ranar 24 ga Yuni, 1982, lokacin da jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunisiya, injinansa huɗu duka suka mutu. Matuƙin jirgin, Kyaftin Eric Moody, ya shaida wa fasinjoji cewa an sami 'yar matsala, sa'an nan ya faɗa musu abin da ya faru. Shi "small" ya yi amfani da ita, ba "slight" ba, amma salon ɗaya ne. Allah ya kiyaye, jirgin ya sauka lafiya a Jakarta.

Abin mamaki shi ne, Bahaushe bai kamata ya zama baƙo ga wannan salo ba. Mu ne muke zuwa dubiya, mu tarar da mutum ba ya ko iya ɗaga kai, mu ce "Yaya jiki?", a ce mana "Da sauƙi", kuma babu wanda ya ɗauka an yi masa ƙarya. Mu ne muke cewa "ɗan zazzaɓi ne ya taɓa shi" game da wanda ya kwana uku a asibiti, muke cewa "ina da 'yar magana" alhali maganar aure ce ko ta gado. Kunya da kara da tawakkali suka sa mu haka. Su kuma nasu dalilan ne suka sa su. Amma ɗalibin da ya ƙware a wannan a gida, da ya shiga ajin Turanci sai ya ajiye basirarsa a bakin ƙofa, ya riƙa ɗaukar kowace kalma kamar lissafi. Laifin namu ne, domin mun koya masa Turanci a matsayin harshen jarrabawa, ba harshen mutane masu kawaici da ba'a da gatse ba. A wajen fassara kuwa abin da sauƙi: "'yar matsala" tana ɗauke da wannan harshen damo kamar yadda "a slight problem" take ɗauke da shi, saboda haka a bar ta yadda take, kada mai fassara ya yi karambanin bayyana abin da mai magana ya sakaya.

7.0 Inda aka ɗaure ta da lamba

Akwai kuma inda hukumomi suka ɗauki kalmar daga bakin jama'a suka ba ta iyaka tabbatacciya. A hasashen da hukumar yanayi ta Birtaniya ke yi wa masu jiragen ruwa, teku mai "slight" ita ce wadda tsayin igiyoyinta yake tsakanin mita 0.5 da mita 1.25. Ga babban jirgi wannan ba komai ba ne, amma igiyar da ta haura mita guda ba abin wasa ba ce ga mai ɗan kwalekwale. A ƙididdigar haɗurran mota ta Birtaniya, an kasa raunuka gida uku, "fatal" da "serious" da "slight", inda targaɗe da ƙujewa da ƙananan yanka suke cikin na ukun, karaya kuwa tana cikin na biyu. A Amurka, idan hukumar yanayi ta ce akwai "a slight chance" na ruwan sama, kusan kashi 20 cikin 100 take nufi.

Misalin da ya fi nauyi shi ne na cibiyar hasashen guguwa da ke Norman a jihar Oklahoma. Tun daga shekarar 2014 tana amfani da matakai biyar: "marginal", "slight", "enhanced", "moderate" da "high". "Slight risk" shi ne mataki na biyu. Amma abin da ake hasashe a kowane mataki, mugun hadari ne, watau mai iskar da ta kai gudun mil 58 a awa, ko ƙanƙarar da ta kai inci guda, ko guguwa mai juyawa. Kalmar "slight" a nan ta fi nuna yiwuwar aukuwar abin da yawan wuraren da zai shafa; ba ta ce wanda abin ya faɗa wa zai ji da sauƙi ba. Mai fassarar labarai da ya ce "akwai ɗan hadari", ko ma "ɗan haɗari" mai ƙugiya, ya kwantar wa mai sauraro hankali a inda ba a nufi haka ba. Tsigalau, wanda ya yi mana aiki tun daga farkon takardar nan, a nan ya zama tarko, domin tausasawar da ke cikinsa ta fi ƙarfin awon da ke cikinsa. Abin da ya dace shi ne a bar kalmar a ɗauki ma'aunin: "gargaɗi mataki na biyu cikin biyar", ko "yiwuwar ruwa kashi 20 cikin 100".

Wannan ya shafi tafinta a asibiti ma, ta fuska biyu. Likita ya ce "a slight fracture", tafinta ya ce "ɗan tsagewa ne", majinyaci ya ji "ɗan" ya manta da "tsagewa", ya koma gona washegari. Ko kuwa majinyaci ya ce "ɗan ciwon ƙirji nake ji", cikin irin kawaicin da muka ambata, tafinta ya miƙa wa likita "slight chest pain", likita ya ɗauka awo aka ba shi alhali ladabi aka yi masa. A aikin gwaji da nake ba ɗalibaina, nakan kawo wannan jimla ta majinyaci in ce su mayar da ita Turanci, amma ba na karɓar amsa sai sun fara faɗa mini tambayar da za su yi wa mai ciwon kafin su juya wajen likita: tun yaushe, yana hana barci, yana hana aiki? Wanda ya rubuta "slight" ba tare da ya tambaya ba, ko da nahawunsa ya yi daidai, rabin maki yake samu.